Mutum, na'ura ko haɗin gwiwa: wa shugaba zai miƙa wa yanke hukunci?

A watan Satumba na 2025 firaministan Albaniya, Edi Rama, ya gabatar da sabuwar majalisar ministocinsa, a cikinta har da wata "minista" da ba mutum ba ce. Manhaja ce mai suna Diella, aka ce ita za ta riƙa lura da bayar da kwangilolin gwamnati, tun da ba ta karɓar na goro kuma ba ta da ƙane ɗan kwangila. Wata guda kafin nan, firaministan Suwidin, Ulf Kristersson, ya shaida wa wata jarida cewa yakan tuntuɓi manhajar hira ta ChatGPT idan yana son jin ta bakin wani na biyu. Masu suka suka yi masa ca, suna cewa ai ba ChatGPT aka zaɓa ba.

Mutum yana iya yin dariya ya wuce. Amma tambayar da ke ƙarƙashin labaran biyu tana nan tafe zuwa teburin duk mai riƙe da amanar jama'a, ko minista ne, ko gwamna, ko shugaban wata hukuma, ko shugaban jami'a. Wata rana wani kamfani zai shigo da hotuna masu kyau ya ce yana da tsarin da zai gano wanda ya cancanci tallafi, da wanda yake cutar gwamnati, da wanda ya kamata a ɗauka aiki, cikin daƙiƙa ɗaya. Jama'a ma da yawa suna marmarin hakan. A wani bincike da Jami'ar IE ta Sifaniya ta fitar a 2021, kashi 51 cikin 100 na Turawan da aka tambaya sun goyi bayan a rage kujerun 'yan majalisa a miƙa wa na'ura. Ni dai gajiya da 'yan siyasa nake gani a wannan adadi, fiye da ƙaunar kwamfuta.

Hanyoyi uku ne a gaban shugaba. Ya bar hukunci a hannun mutane kamar yadda ya gada. Ko ya bar na'ura ta yanke, ma'aikata su aiwatar. Ko ya haɗa su: na'ura ta ba da shawara, mutum ya sa hannu. Kusan kowa ta ukun yake rugawa, domin ta fi daɗin faɗa a gaban majalisa da 'yan jarida. A ganina ita ce ta fi saurin yaudarar mai ita idan ba a gina ta da gaske ba.

Sai a kuma raba zare da abawa tun da wuri. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira a aikin mulki iri biyu ne. Akwai mai hasashe, wadda ake ciyar da ita bayanan dubban mutanen baya, sannan ta riƙa ba kowane sabon mutum maki: wannan zai iya gudu idan aka ba shi beli, wancan takardunsa suna da alamar maguɗi. Akwai kuma mai hira, irin ChatGPT da Gemini da Claude, wadda ake tambaya ta amsa da rubutu. Ta farko ita ce ta daɗe tana taɓa rayuwar talakawa, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Idan aka bar wa mutum

Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wani masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Minnesota a Amurka, Paul Meehl, ya gwada wannan magana tun 1954. Ya tattara bincike kimanin 20 da aka kwatanta hasashen ƙwararru da na ɗan ƙaramin lissafi mai sauƙi, a kan abubuwa kamar ko ɗalibi zai yi nasara ko fursuna zai sake laifi. Kusan ko'ina lissafin ya kamo ƙwararrun ko ya wuce su. A 2000 William Grove da abokan aikinsa suka maimaita da bincike 136. A kusan rabi an yi kunnen doki, a mafi yawan sauran lissafi ya yi nasara, kaɗan ne ƙwararru suka ɗauka.

Dalilin ba wai ƙwararre bai san aikinsa ba. Ya san abubuwan da ya kamata a duba sarai. Matsalar ita ce nauyin da yake ba su ranar Litinin da safe ba shi yake ba su ranar Alhamis da yamma ba. Gajiya tana shiga, fayil ɗin da ya karanta kafin wannan yana shiga, fuskar mai nema da irin sunansa suna shiga, ballantana wayar da aka bugo daga sama. Jon Kleinberg da wasu masana huɗu sun duba shari'o'in beli na birnin Niyok daga 2008 zuwa 2013, suka wallafa sakamakon a 2018. Lissafinsu ya nuna da an bi hasashen na'ura, da an iya rage laifuffukan waɗanda aka saka da kusan kashi 25 cikin 100 ba tare da an ƙara yawan tsararru ba, ko a rage tsararru da kusan kashi 42 ba tare da laifi ya ƙaru ba. Gwaji ne a kan takarda, ba a kotu aka yi shi ba, amma adadin ya yi girman da ba a kau da kai daga gare shi. Duk wanda yake cewa a bar komai a hannun mutane, sai ya tuna cewa wannan hanyar ma tana da waɗanda take zalunta, sai dai mun saba da su har ba ma ƙirga su.

A can ƙololuwa cutar daban ce. Shugaba ba ya rasa masu ilimi a gefensa, masu cewa a'a yake rasawa. Mutanen shugaban Amurka John Kennedy haziƙai ne, amma a 1961 suka zauna suka amince da mamayar Kyuba wadda ta wargaje cikin kwana uku, masu shakka a cikinsu suka haɗiye shakkarsu. Rahoton Chilcot na 2016 a kan shigar Birtaniya yaƙin Iraƙi ya gano cewa an gabatar wa jama'a barazanar makaman Saddam da tabbacin da bayanan sirrin ba su kai shi ba.

Duk da haka akwai abin da mutum ke da shi, kuma daren 26 ga Satumba 1983 ya nuna shi. Laftanar-kanar Stanislav Petrov ne ke kan aiki a cibiyar gargaɗin Tarayyar Sobiyet kusa da Mosko, mako uku kacal bayan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu mutum 269 suka mutu, duniya tana ɗar-ɗar. Na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam ta ce Amurka ta harbo makami mai linzami, can ta ce biyar ne, kuma ta nuna tana da cikakken tabbaci. Petrov ya shaida wa na sama da shi cewa na'urar ce ta yi kuskure. Ya san tsarin sabo ne. Ya san na'urorin rada na ƙasa ba su ga komai ba. Ya kuma yi tunanin cewa wanda zai fara yaƙin nukiliya da ɗaruruwa zai fara, ba da biyar ba. Daga baya aka gano hasken rana ne ya haska gajimare na can sama ya ruɗi tauraron. Abin lura shi ne, ko ɗaya daga cikin hujjojin Petrov ba ya cikin bayanan da na'urar ke karantawa. Daga wajen allo ya kawo su, kuma nan ne mutum ya fi ƙarfi: lamarin da bai taɓa faruwa ba, inda babu dubban misalan baya da za a koya daga gare su.

Idan aka bar wa na'ura

A fara da inda ta yi rawar gani. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, Togo ta ƙaddamar da shirin tallafi mai suna Novissi, ana tura kuɗi ta wayar hannu. Da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara, ba a da rajistar matalauta ta kwanan nan. Gwamnati, tare da masana na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da ƙungiyar GiveDirectly, ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano yankunan da suka fi talauci, sannan na'ura ta duba yadda mutum ke amfani da wayarsa ta yi hasashen halin da yake ciki. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya ce hanyar ta rage tsallake mabuƙata da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 idan aka kwatanta da rabon yanki-yanki da gwamnati ke tunanin yi. Amma binciken ya ce da akwai cikakkiyar rajista da ta fi wannan hanya, kuma wanda ba shi da waya ba ya ma cikin lissafin. Wato na'ura ta fi babu, ta fi hasashen ofis, ba ta kai aikin ƙidaya na gaske ba. A cikin gaggawa wannan ciniki ne mai kyau.

Sai kuma Ostireliya, wadda ya kamata duk mai shirin sayen irin wannan tsari ya karanta labarinta sau biyu. Daga 2016 gwamnati ta fara farautar waɗanda take zargin sun karɓi tallafin da ya wuce haƙƙinsu, a tsarin da jama'a suka sa wa suna Robodebt. Kwamfuta tana ɗaukar abin da mutum ya samu a shekara daga hukumar haraji, ta raba shi daidai-wa-daida a kan kowane mako biyu, ta kwatanta da abin da ya bayyana lokacin da yake karɓar tallafi. In an sami bambanci, sai takardar bashi. Wanda ya yi aiki wata huɗu ya zauna wata takwas babu aiki, lissafin sai ya nuna kamar yana samun albashi duk shekara. A da ma'aikaci ne ke tuntuɓar wurin aikin ya tabbatar. Yanzu aka ɗora wa talaka nauyin ya nemo takardun albashinsa na shekarun baya ya wanke kansa. Binciken da ake yi wa mutum kimanin 20,000 a shekara ya koma 20,000 a mako. A watan Mayu na 2020 gwamnati ta ce za ta mayar da dalar Ostireliya miliyan 721 na basussuka kusan 470,000, a 2021 kotu ta amince da sulhun da ya kai biliyan 1.8, a Yuli 2023 kuma kwamitin binciken da Catherine Holmes ta jagoranta ya ce tsarin na rashin tausayi ne kuma ya saɓa wa doka.

Wani zai ce ai wannan rabawa ce kawai, ba basira ba. Haka ne, kuma shi ya sa misalin ya fi tsoratarwa: ba a buƙatar na'ura mai wayo kafin a yi ɓarna mai girma, cire mutum daga tsakani kawai ya isa. A Holan kuwa tsarin mai koyo ne da gaske. Hukumar haraji ta yi amfani da shi wajen zaƙulo iyayen da ake zargi da maguɗin tallafin renon yara, kuma ƙasar asalin mutum tana cikin abubuwan da ke ɗaga makinsa. Iyaye kimanin 26,000 aka zarga bisa kuskure, aka ce su mayar da dukan abin da suka karɓa, wasu dubban yuro masu yawa. Gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairu 2021. (Jam'iyyarsa ta sake cin zaɓe bayan wata biyu, abin da ke nuna cewa ko a hannun mutane ma ɗaukar alhaki yana da iyaka.)

Nan ne ainihin bambancin hanyoyin biyu, kuma ya fi batun wa ya fi wani daidai muhimmanci. Ma'aikata dubu suna yin kuskure iri dubu: wani ya tsananta, wani ya sassauta, wani ya ji kukan mai nema ya sake duba fayil. Na'ura kuskure ɗaya take yi, amma ta yi shi sau dubu ɗari, a kan mutane masu kama da juna, kuma ba wanda ya ga fuskarsu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Akwai kuma wani abu da kamfanoni ba sa faɗa a taron talla. Na'ura ba ta zaɓar abin da za ta auna, mutum ne ke zaɓar mata, kuma a nan siyasar take ɓoye. A 2019 Ziad Obermeyer da abokansa suka bincika wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen gano majinyatan da ke buƙatar kulawa ta musamman. An koya mata hasashen kuɗin da za a kashe wa majinyaci, a matsayin ma'aunin rashin lafiyarsa. Tun da baƙar fata ana kashe musu ƙasa da abin da ake kashe wa farare masu ciwo iri ɗaya, sai ta ɗauke su masu sauƙin ciwo. Da aka gyara ma'aunin, kason baƙaƙen da za su shiga shirin ya tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5. Haka a Ingila a 2020, da aka soke jarrabawar kammala sakandare saboda korona. An umarci hukumar Ofqual mai kula da jarrabawa ta hana maki kumbura, sai lissafinta ya auna kowane ɗalibi da tarihin makarantarsa, ya sauke kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar. Haziƙin yaro a makarantar da ba ta saba cin jarrabawa ba ya biya bashin waɗanda suka riga shi. Kwana huɗu bayan fitar sakamako gwamnati ta janye. Lissafin ya yi abin da aka ce ya yi. Wanda ya fifita daidaiton alƙaluman ƙasa a kan adalci ga ɗalibi ɗaya, minista ne.

Haɗin gwiwar da ba haɗin gwiwa ba

To, a sa mutum a ƙarshe ya duba mana. Polan ta yi haka a 2014. Kwamfuta tana raba marasa aikin yi gida uku, wanda ya faɗa gida na uku kusan an rufe masa ƙofar horo da tallafin neman aiki. Doka ta ba ma'aikacin ofis ikon sauya abin da kwamfuta ta ce. Da aka duba, bai kai sau ɗaya cikin ɗari ba suka sauya. Layi yana da tsawo, lokaci babu, kuma wanda ya saɓa wa kwamfuta shi ne zai yi wa oga bayani, wanda ya bi ta ba mai tambayarsa. Aka soke tsarin a 2019. A takarda mutum ne mai hukunci, a zahiri ɗan amshin shata ne.

Birtaniya ta ga abin da ya fi wannan muni. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗi da babu shi. Mutane ne a kowane mataki: masu bincike, lauyoyi, alƙalai. Sai dai dokar Ingila tana ɗaukar kwamfuta a matsayin mai aiki daidai har sai an kawo hujjar akasin haka, kuma wanda ake tuhuma ba shi da hanyar leƙa cikinta. Sai a 2024 majalisa ta yi doka ta musamman ta soke hukunce-hukuncen. A fagen yaƙi ma, a 2003 a lokacin yaƙin Iraƙi, makaman kariya na Amurka masu suna Patriot sun harbo jirgin Birtaniya da na Amurka, nasu na kansu, mutum uku suka mutu, alhali akwai sojoji zaune a gaban allo da ikon hana harbi. An ba su iko, ba a ba su lokaci ko wata hanyar tabbatarwa ba.

Wannan ne haɗarin hanya ta uku: an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Na'ura ce ke yanke hukunci, amma sa hannun ƙaramin ma'aikaci ne a ƙasa. In abu ya ɓaci, kamfani ya ce shawara kawai muka bayar, shugaba ya ce mutum ne ya duba, laifi ya sauka a kan wanda ya fi kowa ƙarancin iko.

Tana iya aiki kuwa? Tana iyawa. A gundumar Allegheny ta jihar Pensilbaniya a Amurka, tun 2016 masu karɓar rahoton cin zarafin yara suna ganin makin da na'ura ta bayar kafin su yanke ko a je bincike. An taɓa samun tangarɗa, na'urar tana nuna maki ba daidai ba ga wasu iyalai, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna ma'aikatan sun fi saɓa mata a daidai waɗannan wuraren, ba tare da sun san da tangarɗar ba. Su suna sauraron mai kiran da kunnensu, suna da fayil ɗinsu, makin abu ɗaya ne cikin abubuwan da ke gabansu. Sharuɗɗan ke nan. Mai dubawa ya kasance yana da bayanin da na'ura ba ta da shi, yana da lokacin karantawa, kuma cewa a'a ba za ta jawo masa takardar tuhuma ba. Inda hali ya yi, ya rubuta nasa ra'ayin kafin a nuna masa makin, domin ido in ya ga lamba da wuya ya mance ta. A kuma riƙa ƙirga sau nawa ake saɓa wa na'urar. In adadin ya kusa sifili, ko dai na'urar ba ta kuskure, ko kuma babu mai dubawa, kuma na biyun ya fi yiwuwa. Duk wannan yana cin kuɗi da ma'aikata, wato ainihin abin da aka sayi na'urar don a rage.

Teburin shugaba kansa

Manhajar hira kuwa, ban ga laifin shugaban da ke amfani da ita ba. Tana taƙaita rahoto mai shafi 300, tana jero yadda wasu ƙasashe suka yi, kuma ana iya yi mata tambayar da mutum zai ji kunyar yi a gaban mataimakansa. Illolinta uku ne sanannu. Tana ƙirƙiro hujja da cikakkiyar natsuwa: a 2023 wata kotun Niyok ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kawo shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga, a 2025 kuma kamfanin Deloitte ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostireliya wani ɓangare na kuɗin wani rahoto da aka samu nassoshin ƙarya a ciki. Abin da aka rubuta mata yana tafiya zuwa kwamfutocin kamfani, sau da yawa a wata ƙasa, don haka sirrin gwamnati ba wurinsa ba ne nan sai da yarjejeniya ta musamman. Ta ukun ita ce ta fi dacewa da raunin masu mulki: fadanci. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabuntawa da ya yi wa manhajarsa domin ta cika yabon mai tambaya. Shugaban da dama yake kewaye da masu "ranka ya daɗe, gaskiyarka" bai buƙatar ƙarin bafade, ballantana wanda ba ya barci.

Don haka amfaninta yana ga yadda aka yi tambayar. "Shin shirina yana da kyau?" tambaya ce da za ta jawo yabo. Gara a ce mata: ga shirin, ɗauka shekara biyu ta wuce ya rushe, faɗa mini dalilai biyar da suka rusa shi, da rukunin mutanen da ya fi cutarwa. Aikin da Kennedy ya koma yana sa wasu na kusa da shi su yi masa a rikicin makaman Kyuba na 1962 ke nan, bayan ya ji jiki a shekarar da ta gabata.

Yadda zan zaɓa

Tambaya ta farko da zan yi wa kowane hukunci ita ce: bayarwa yake yi ko ƙwacewa? Togo bayarwa take yi, kuskurenta shi ne wani ya samu abin da bai kai ya samu ba, ko wani ya jira zagaye na gaba. Ostireliya da Holan ƙwacewa suke yi. Inda ake amincewa da buƙata mai sauƙi, ko sabunta lasisi, ko tsara layin motocin kwasar shara, ko zaƙulo takardun kwangila masu alamar tambaya domin mai bincike ya duba, a bar na'ura ta yi gudunta. Inda za a tsare mutum, ko a yanke masa abin da yake rayuwa da shi, ko a kira shi ɓarawo, dole mutum mai suna da muƙami ya karanta, ya sa hannu, ya kuma iya bayyana dalili da bakinsa. Kanada ta bi wannan layi a ƙa'idarta ta 2019: ta kasa tsare-tsaren na'ura na gwamnati mataki huɗu gwargwadon illarsu, a manyan matakai biyu hukuncin ƙarshe na mutum ne. Dokar Tarayyar Turai a kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a Agusta 2024 ta haramta wasu abubuwan gaba ɗaya, kamar ba 'yan ƙasa makin ɗabi'a. A can ƙarshen sikelin, Joe Biden da Xi Jinping sun amince a Lima a Nuwamba 2024 cewa shawarar amfani da makamin nukiliya ta zauna a hannun mutane.

Ta biyu, abu ne da ke maimaituwa sau dubbai ana ganin sakamakonsa da wuri, ko sau ɗaya yake zuwa? Na farko filin na'ura ne, kuma shugaban da ya nace wa hasashen zuciyarsa a nan girman kai ne ke damunsa. Yaƙi, sulhu, sauya tsarin mulki, annobar da ba a taɓa gani ba, waɗannan ba su da tarihin da ya isa a koya daga gare shi.

Ta uku ita ce ta fi wuya a gane. Gardamar a kan abin da zai faru ce, ko a kan wanda zai ɗauki asara? Na'ura tana iya hasashen yadda ƙarin haraji zai shafi kuɗin shiga. Ba ta da hurumin cewa ma'aikaci ne zai biya ko mai kamfani, tsofaffi za a fifita ko yara. Wannan shi ne siyasa, kuma jama'a suna karɓar asara ne idan sun san wanda ya ɗora musu ita zai dawo neman ƙuri'arsu. A nan aikin da ya dace da na'ura shi ne taimaka wa shugaba ya ji jama'a. Taiwan ta gwada a 2015 a rikicin kamfanin sufuri na Uber da direbobin tasi, da manhajar Polis: kowa ya rubuta gajeriyar magana, saura su ce sun yarda ko ba su yarda ba, babu wurin mayar da martani balle zagi, na'ura kuma ta fito da maganganun da ɓangarorin da ke adawa suka haɗu a kansu. Daga nan jami'ai suka zauna suka rubuta ƙa'ida.

In an yanke shawarar saye, sauran aikin yana cikin takardar kwangila. A rubuta cewa masu binciken gwamnati da kotu suna da ikon ganin yadda tsarin ke aiki, domin "sirrin kasuwanci" ba amsa ba ce ga wanda aka hana haƙƙinsa. A fara gudanar da shi a gefe na wasu watanni, yana ba da maki ba a aiki da su, a kwatanta da hukuncin ma'aikata, a kuma duba kuskurensa rukuni-rukuni: mata, tsofaffi, baƙi, masu aikin wucin gadi. A sanar da jama'a cewa akwai shi, kamar yadda biranen Amsterdam da Helsinki suka buɗe rajistar irin waɗannan tsare-tsare a 2020. A ware kuɗin ofishin ɗaukaka ƙara a cikin kasafin tun ranar farko. A sa masa wa'adi, in ya cika sai an sake kawo hujja kafin a ci gaba.

A kuma rubuta sunan jami'in da ke da ikon kashe shi, da irin alamar da in ta bayyana dole ya kashe, ko minista yana so ko ba ya so. Robodebt bai rasa masu gargaɗi ba. Tun 2014, kafin a fara, lauyoyin ma'aikatar jin daɗin jama'a sun ba da shawara cewa raba kuɗin shekara a haka bai dace da doka ba. A 2017 Terry Carney, mamba a kotun sauraron ƙorafi kan ayyukan gwamnati, ya yanke har sau biyar cewa basussukan ba su da tushe. Gwamnati ta ƙi ɗaukaka ƙara, domin a wannan mataki ba a wallafa hukunci, in ta ɗaukaka kuwa zai fito fili. Ba a sabunta wa'adin Carney ba, takardun bashi kuma suka ci gaba da fita har watan Nuwamba na 2019.